Jacques Cousteau: Sojan ruwan da ya ɗora ransa a kan ɗan ƙaramin bawul

A garuruwan bakin ruwa na kudancin Jihar Sakkwato, daga Tambuwal zuwa Kebbe, har a gangara Argungu a Jihar Kebbi, an san nutso tun kaka da kakanni. Masunci kan cika ƙirjinsa da iska, ya nutse, ya lalubo abin da ya je nema, ya taso kafin numfashinsa ya ƙare. Idan kuwa yana son zama a saman ruwa, sai ya hau gora, kamar yadda ake gani a Matan Fada ranar bikin kamun kifi. Duk ranar da kwale-kwale ya kife, irin waɗannan mutane ake kira su nemo waɗanda ruwa ya ci. Sai dai komai ƙwarewar mutum, numfashi ɗaya ba ya kai yawancin mutane fiye da minti ɗaya ko biyu.

Wanda ya fi kowa suna wajen faɗaɗa wannan iyaka shi ne Jacques-Yves Cousteau, hafsan sojan ruwan Faransa, wanda ake furta sunansa Jak Kusto. Duniya ta san shi da jar hula, da jirginsa Calypso, da fina-finan ƙarƙashin teku. Amma duk wannan ɗaukaka a kan wani ɗan bawul ta ginu, kuma kafin a amince da na'urar da ke ɗauke da shi, sai da shi kansa ya tsallake rijiya da baya fiye da sau ɗaya, wasu abokan aikinsa kuma suka rasa rayukansu.

Haihuwa da tasowa

An haifi Cousteau ranar 11 ga Yuni, 1910, a garin Saint-André-de-Cubzac, kusa da birnin Bordeaux a kudu maso yammacin Faransa. Mahaifinsa lauya ne da ke yi wa attajiran Amurka aiki, abin da ya sa iyalin suka zauna a New York na wani lokaci yana yaro. Ya taso ba shi da cikakkiyar lafiya, amma yana son ninƙaya da injuna da ɗaukar hoto.

A 1930 ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa. Burinsa shi ne ya zama matuƙin jirgin sama na rundunar, sai wani mummunan haɗarin mota ya karya masa hannaye biyu a tsakiyar shekarun 1930. Aka mayar da shi aiki a tashar sojan ruwa ta Toulon, a gaɓar Bahar Rum. A nan ya haɗu da wani hafsa mai suna Philippe Tailliez, wanda ya ƙarfafa shi ya riƙa ninƙaya domin hannayensa su warware. A 1936 ya fara leƙa ƙarƙashin teku da gilashin ido, kuma abin da ya gani ya sauya alƙiblar rayuwarsa. Daga baya wani gwanin farautar kifi, Frédéric Dumas, ya shigo cikinsu, suka zama su uku. A 1937 ya auri Simone Melchior, wadda mahaifinta babban ma'aikaci ne a Air Liquide, kamfanin da ke sarrafa iskar gas.

Matsalar da ake son warwarewa

Ruwa yana da nauyi. Duk mita 10 da mutum ya nutsa a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke saman ƙasa. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Ƙirjin mutum ba zai iya jawo iska ta dogon bututu daga sama ba, domin ruwa ya riga ya danne shi. Dole iskar da zai shaƙa ta zo masa da matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi, ba ƙari, ba ragi.

Cousteau ya fara gwada iskar oksijin zalla, da wata na'ura da aka harhaɗa masa a jirgin yaƙin da yake aiki. Sau biyu jikinsa ya kama jijjiga a zurfin kusan mita 15, ya suma. Abin da ya cece shi shi ne ya kwance nauyin da ya ɗaura a ƙugu kafin hankalinsa ya gushe, sai ruwa ya taso da shi. Oksijin zalla takan zama guba idan matsi ya yi yawa, shi ya sa a yau ba a yarda masu nutso na farar hula su shaƙe ta a zurfin da ya wuce kamar mita 6.

Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin goya iska a baya ba. A shekarun 1860 wasu Faransawa biyu, Benoît Rouquayrol da Auguste Denayrouze, sun ƙera bawul mai ba da iska idan an shaƙa, amma tukwanen zamaninsu ba su iya riƙe iska mai yawa. A 1926 Yves Le Prieur ya fito da tukunyar da mai nutso ke buɗe wa da hannu, iska tana ta kwarara ko ana buƙata ko ba a buƙata, ta ƙare cikin ɗan lokaci. Abin da ya rage shi ne a haɗa tukunya mai ƙarfi da bawul mai aiki da kansa.

Bawul ɗin mota da ya shiga ruwa

Maganin ya fito ne daga ƙarancin fetur. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, fetur ya yi wuya, aka koma neman hanyar tafiyar da motoci da gas. Wani injiniyan Air Liquide, Émile Gagnan, ya ƙera ɗan bawul da ke sakar wa inji gas gwargwadon yadda injin ya zuƙa. Ta hannun surukinsa Cousteau ya haɗu da Gagnan a Paris a watan Disamba, 1942, suka ga cewa huhun mutum ma zuƙa yake yi kamar inji.

Yadda abin ke aiki ba shi da nisa da kan tukunyar gas ɗin girki da ke gidaje. A cikin wani ɗan akwatin ƙarfe akwai faifan roba mai laushi, kamar fatar ganga. Ruwa yana danna shi ta gefe ɗaya, iskar numfashi tana ɗaya gefen. Idan mutum ya shaƙa, faifan sai ya lotsa ciki, ya tura wani ɗan ƙarfe, bawul ya buɗe. Idan ya daina shaƙa, faifan ya koma mazauninsa, bawul ya rufe. Ruwan da kansa ne ke auna matsin iskar da ta dace.

A watan Janairu, 1943, suka kai na'urar Kogin Marne, a wajen Paris, cikin tsananin sanyi. Cousteau ya shiga ruwa. Idan ya kwanta a miƙe kamar kifi, numfashi na zuwa lafiya. Idan ya tsaya kai sama, iska sai ta yi ta ɓulɓulowa ba tsayawa. Idan ya juya kai ƙasa, da ƙyar yake samun abin shaƙa. Da suka zauna suka yi nazari, sai suka gano cewa tazarar kusan santimita 15 ce ta jawo haka. Ƙofar fitar da iska tana bakinsa, faifan roba kuwa yana bayan wuyansa, kuma ko wannan 'yar tazara tana da bambancin matsi a cikin ruwa. Suka ƙara tiyo na biyu, suka mayar da ƙofar fitar iska dab da faifan, matsalar ta kau. Daga nan aka samu siffar na'ura mai tiyo biyu da ake gani a tsofaffin hotuna.

A watan Yuni na shekarar, a Bandol da ke gaɓar Bahar Rum, Cousteau ya yi nutso da gyararriyar na'urar, tukwane uku a bayansa, ba igiya ba tiyo daga sama. Shi da Tailliez da Dumas suka yi nutso ɗaruruwa a wannan bazara. A watan Oktoba Dumas ya kai mita 62 kusa da Marseille, ya dawo da labarin wani irin maye da ya kama shi a can ƙasa. Iskar naitirojin, wadda ita ce kaso mafi yawa na iskar da ake shaƙa, takan bugar da mutum idan zurfi ya yi yawa. A 1946 Air Liquide ya kafa kamfanin La Spirotechnique domin sayar da na'urar, wadda aka sa wa suna CG45, daga haruffan farko na sunayen mutanen biyu. A ƙasashen da ake Turancin Ingilishi ta yi suna da Aqua-Lung.

Hayaƙi a cikin tukunya

Bayan yaƙi, a 1945, rundunar sojan ruwa ta kafa rukunin binciken ƙarƙashin teku a Toulon, Tailliez na shugabanta, Cousteau na taimaka masa. Suka yi aikin cire nakiyoyin da yaƙi ya bari a ruwa, suna kuma gwada iyakar na'urar.

A watan Agusta, 1946, suka je Fontaine-de-Vaucluse, wani marmaro mai zurfi da ke fitowa daga kogon dutse a kudancin Faransa, domin gano tushensa. Cousteau da Dumas suka gangara ɗaure da igiya ɗaya. A can ƙasa kansu ya juya, Dumas ya kusa fita hayyacinsa gaba ɗaya, Cousteau ya kasa tasowa da shi. Wani ƙaramin hafsa mai suna Maurice Fargues, wanda ke riƙe da igiya a sama, shi ya jawo su. Da farko an zaci mayen zurfi ne. Da aka auna iskar tukwanen, sai aka tarar da gubar kabon monoksaid. Sabon injin da suka cika tukwanen da shi, mai kama da na masu facin taya amma ya fi ƙarfi nesa, yana zuƙar hayaƙin da shi kansa ke fitarwa. Gubar nan ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida, ba ta da wari ba ta da launi, kuma a zurfin ruwa kowane numfashi yana ɗauke da ninkin ta. Bawul bai yi laifi ba a ranar, ya isar da abin da aka zuba masa ne. Tun daga irin wannan darasi, ƙa'ida ce a nisanta bakin zuƙar injin daga salansa, a kuma tace iskar.

Shekara guda bayan haka, ranar 17 ga Satumba, 1947, a tekun Toulon, Fargues ya gangara domin gwada iyakar zurfin da za a iya kaiwa da iska ta yau da kullum. Ya sa hannu a allon da aka ɗaura a mita 120, daga nan alamun igiyarsa suka tsaya. Aka fito da shi abin shaƙa ya fita daga bakinsa, kuma duk ƙoƙarin farfaɗo da shi bai yi nasara ba. Mutumin da ya ceci Cousteau ya zama na farko da ya mutu da wannan na'ura. Rukunin ya tsayar da iyakarsa a kusan mita 90, kuma a yau makarantun nutso na nishaɗi sun tsaya a mita 40.

Calypso da shahara

A 1950 wani attajirin Birtaniya, Loel Guinness, ya sayi wani tsohon jirgin share nakiyoyi da ke jigila a tsibirin Malta, ya ba Cousteau haya a kan faran ɗaya a shekara. Shi ne Calypso. A 1952 suka fara tono wani tsohon jirgin fatake da ya nutse tun kafin haihuwar Annabi Isa kusa da Marseille, maƙare da tuluna. A wannan aiki ma sun rasa mai nutso ɗaya, Jean-Pierre Serventi. A 1954 Calypso ya yi wa wani kamfanin mai na Birtaniya binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dhabi, yankin da daga baya aka haƙo mai a cikinsa.

Littafin da ya rubuta tare da Dumas ya fito a 1953. Fim ɗin da ya biyo baya, Le Monde du silence, ma'ana duniyar shiru, wanda ya shirya tare da Louis Malle, ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956, ya kuma ci Oscar. A 1957 aka naɗa shi shugaban gidan adana kayan teku na Monaco, muƙamin da ya riƙe har 1988. A 1963, a Sha'ab Rumi da ke Bahar Maliya, ba nisa da Port Sudan, gaɓar da alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka daɗe suna tsallakawa zuwa Jidda, mutanensa suka zauna wata guda a wani gidan ƙarfe a zurfin mita 10. Daga 1968 shirye-shiryensa na talabijin suka karaɗe duniya.

Yana da nasa abin zargi. A fim ɗin 1956 an nuna mutanensa suna fasa nakiya a cikin kifaye domin ƙirga su, suna kuma karkashe manyan kifayen shak. Daga baya ya koma sahun masu kare teku. A 1960 ya jagoranci adawa da shirin zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, a 1973 ya kafa ƙungiyar kare muhalli mai ɗauke da sunansa, kuma yana cikin waɗanda suka matsa har aka sa hannu a yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta hana haƙar ma'adinai a yankin ƙanƙara na Antatika.

Goran da ake cikawa a ƙarƙashin ruwa

Na'urar 1943 ta warware matsalar numfashi, amma ta bar wata. A fina-finansa na farko, masu nutso ba su da abin daidaita nauyinsu sai ɗamarar dalma da ƙarfin ƙafa. Tukunya tana rage nauyi yayin da iska ke ƙarewa. Rigar roba mai hana sanyi, wadda ta bayyana a shekarun 1950, takan matse a zurfi, sai mutum ya ƙara nauyi daidai inda ya fi buƙatar sauƙi. Ana buƙatar wani abu kamar goran masunci, amma wanda za a iya ƙara wa iska ko a rage.

Dumas ne ya fara aiki a kan wata jakar iska da ake ratayawa a wuya a farkon shekarun 1950, kuma a 1961 Maurice Fenzy ya fitar da irinta kasuwa, da 'yar tukunyarta daban. A shekarun 1970 ta rikiɗe ta koma falmaran mai iska, aka jona ta da babbar tukunya ta wani siririn tiyo. A hannun hagun mai nutso akwai maɓallai biyu, ɗaya na shigar da iska, ɗaya na fitarwa. A bakin tiyon akwai ɗan bawul irin na tayar mota.

Wannan bawul na cika falmaran ba ya yawan lalacewa idan ana kula da shi, amma hanyoyin lalacewarsa sanannu ne. Idan ruwan teku ya bushe a ciki, gishiri yakan daskare. Yashi yakan shiga, tsatsa takan ci sifirin, zoben roba yakan tsufa ya tsage. Wani lokaci yoyo ne kaɗan-kaɗan, mutum ya ga yana ta yin sama bai san dalili ba. Wani lokaci tiyon ne bai zauna da kyau ba, a danna maɓalli iska ta ƙi zuwa, mai nutso ya ci gaba da nutsewa. Mafi haɗari shi ne maɓalli ya maƙale a buɗe. Falmaran sai ta kumbura ta ɗauki mutum sama, kuma yayin da yake hawa matsi na raguwa, iskar ciki na ƙara faɗaɗa, gudun na ƙaruwa. Iskar da aka ɗauko daga mita 30 takan ninka huɗu kafin a kai sama, kuma a mita 10 na ƙarshe kaɗai takan ninka biyu.

Illar irin wannan hawa iri biyu ce. Idan mutum ya riƙe numfashi don tsoro, iskar huhunsa za ta faɗaɗa ta yaga shi. Sannan naitirojin da ta narke a jininsa za ta taso da kumfa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ta toshe hanyoyin jini, ta kawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki ko mutuwa. Shi ya sa ake koyar da hawa a hankali, kamar mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya. Ana kuma horar da ɗalibi ya cire tiyon da hannu ɗaya yana fitar da iska da ɗayan, ya iya hura falmaran da baki, ya kuma san yadda zai yar da dalma idan ya kasa tasowa, dabarar da ta ceci Cousteau tun kafin a ƙera Aqua-Lung. Sauran kuwa rigakafi ne: wanke kaya da ruwan daɗi bayan kowane nutso, da kai su wurin ƙwararre a kan lokaci.

Ƙarshen rayuwa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da rashe-rashe. Ɗansa Philippe, wanda yake sa ran zai gaje shi, ya rasu ranar 28 ga Yuni, 1979, a haɗarin jirgin sama mai sauka a ruwa, a Kogin Tagus kusa da Lisbon ta ƙasar Fotugal. Matarsa Simone, wadda ta shafe shekaru masu yawa a cikin Calypso, ta rasu a 1990. Ya sake aure, har rikici a kan amfani da sunan gidan ya kai shi kotu da babban ɗansa, Jean-Michel. A watan Janairu, 1996, wani jirgin dakon kaya ya daki Calypso a tashar Singafo, ya nutse, daga baya aka ɗago shi. Cousteau ya mutu a Paris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87, aka binne shi a garin haihuwarsa.

Gagnan, wanda ya koma Montreal ta Kanada a 1947 ya ci gaba da inganta na'urar, bai samu ko kaɗan daga irin sunan da abokinsa ya yi ba. Amma faifan robar da ya fara ƙerawa domin motar da ta rasa fetur yana nan a bakin masu nutso a ko'ina, daga masu yawon buɗe ido a Bahar Maliya zuwa masu aikin ceto. Kafin ɗayansu ya shiga ruwa, yakan buɗe tukunya, ya ɗanɗana iskar, ya ja numfashi yana kallon allurar ma'auni, ya danna maɓallin falmaran ya saurara ko ya rufe, sannan abokin nutsonsa ya sake duba masa. Waɗannan matakai ba sa ɗaukar minti biyar, kuma da yawansu daga kura-kuran Kogin Marne da kogon Vaucluse da makamantansu aka koyo su.